Na ɗora Linux Mint a faifan waje, yanzu laftof ɗin Yayata ba ta tashi sai da shi

Sadiq (Gangare): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimako, kuma da ɗan gaggawa. Ba ni da kwamfutar kaina, ta Yayata nake ara idan ta dawo daga aiki, HP EliteBook 840 G5 ce mai Windows 11. Don kada in taɓa mata kayanta, na sayi SSD mai giga 256 da kes ɗinsa na USB a kasuwar Terminus ta Jos, na ɗora Linux Mint 22 a kai. Wajen ɗorawa na zaɓi "Something else", na yanka faifan wajen gida biyu: ƙaramin fatishin mai mega 512 na EFI, sauran kuma ext4. Can ƙasa inda ake tambayar ina za a sa butloda (manhajar da ke tada kwamfuta), na zaɓi /dev/sda, wato faifan wajen.

Idan faifan yana jone, lafiya lau. GRUB, wato butlodan, ya fito, in zaɓi Mint ko Windows, kowanne ya tashi. Da na zare shi na kunna, sai baƙin allo da rubutu "Minimal BASH-like line editing is supported", a ƙasa kuma grub> yana jira. Na kai faifan wajen wani abokina mai Lenovo, muka danna F12, ko sunansa bai fito a jerin ba. Gobe Litinin, da laftof ɗin za ta tafi ofis. Don Allah a agaza.

Ɗan Bukuru: Wa'alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ne. Shiga BIOS ka kashe Secure Boot (tsaron da ke hana butloda marar sa hannu tashi), ka tashi da filash ɗin da ka yi ɗorawar da shi, ka buɗe Boot-Repair ka danna gyaran da ya ba ka shawara. Minti biyar ka gama.

Anti Hauwa (Rayfield): Sadiq, dakata tukuna. Kada ka taɓa Secure Boot, kada ka danna komai a Boot-Repair. Mu fara da abin da ya fi damunka. Zare faifan, ka kunna laftof ɗin, da ta fara haske ka riƙa danna F9. Jerin abubuwan da za ta iya tashi da su zai fito, ka zaɓi Windows Boot Manager. Ko kuma a wurin grub> ɗin nan ka rubuta exit ka danna Enter, sau da yawa yana miƙa ta ga na biye a layi. Windows ɗin Yayarka yana nan daram, babu abin da ya same shi. An dai sha gabansa ne a layi.

Sadiq (Gangare): Alhamdulillahi! F9 ya yi, Anti. Windows ya tashi, fayilolinta duk suna nan. Wallahi sai yanzu hankalina ya kwanta.

Anti Hauwa (Rayfield): Madalla. Tun da kana cikin Windows, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta manage-bde -status ka gaya mini abin da ya ce game da C:. Bayan haka ka jona faifan, ka shiga Mint, ka turo mana sakamakon waɗannan ukun: lsblk -f, da efibootmgr, da cat /etc/fstab (fayil ɗin da ke jera fatishin da Mint yake buɗewa idan ya tashi).

Sadiq (Gangare): Na farko ya ce "Protection Off" da "Fully Decrypted". Ga sauran, na taƙaita:

sda1 vfat 7C2E-91B4
sda2 ext4 /
nvme0n1p1 vfat 3A60-D5F2 /boot/efi
nvme0n1p2
nvme0n1p3 ntfs
nvme0n1p4 ntfs

BootOrder: 0004,0000
Boot0000* Windows Boot Manager
Boot0004* Ubuntu

A fstab kuma layin /boot/efi yana ɗauke da UUID=3A60-D5F2, wato lambar shaidar fatishin. Abin da ban gane ba, me ya kawo Ubuntu alhali Mint na ɗora?

Nura (Farin Gada): Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina shi, GRUB ɗinsa ma na Ubuntu ne, shi ya sa sunan yake fitowa haka. Wannan ba matsala ba ce.

Malam Bala (Ahmadu Bello Way): Yaro, ga ciwon nan a fili a layi na uku. Dubi inda /boot/efi yake zaune. A kan nvme0n1p1 yake, faifan cikin laftof ɗin Yayarka ke nan. Shi kuwa sda1 da ka yanka da hannunka, yana nan fanko, ko fayil ɗaya ba a sa masa ba. Ka gina ɗaki a gidanka, makullin kuma an rataye shi a gidan maƙwabci. Shi ya sa a Lenovo ba a ga faifan ba, kuma shi ya sa HP ɗin take tsayawa idan ka zare shi.

Kuma ba kai ka yi kuskure ba. Manhajar da ke yin ɗorawar, Ubiquity, tana da wannan hali tun da daɗewa: idan kwamfuta tana kan UEFI, fatishin EFI na farko da ta ci karo da shi take ɗauka, ko da ka nuna mata wani. An kai ƙorafin a Launchpad, shafin kai ƙorafin manhajojin Ubuntu, tun 2014, lambarsa 1396379. Ubuntu sun koma sabuwar manhajar ɗorawa daga 23.04, amma Mint 22 da Ubiquity yake aiki. A shago kusan duk ɗalibin da ya kawo mini wannan matsalar, labarinsa iri ɗaya ne da naka.

Anti Hauwa (Rayfield): Malam ya faɗi gaskiya. Bari in ɗan buɗe shi, saboda idan ka gane yadda tashin yake tafiya, ba za ka riƙa kwafar umarni a makance ba.

A kwamfutocin da, masu BIOS na gargajiya, injin yana karanta bayit 512 na farkon faifai ne ya bi abin da ya tarar. Shi ya sa a can tambayar "a wane faifai za a sa butloda" take da ma'ana. A UEFI ba haka ba ne. Butloda fayil ne kamar kowane fayil, yana zaune a fatishin FAT32 da ake kira ESP, wato fatishin EFI ɗin nan. Sannan a jikin bod ɗin kwamfutar akwai 'yar ma'ajiya mai suna NVRAM, a nan ake rubuta jerin: wane fayil, a wane fatishin, wa ke gaba wa ke baya. Abin da efibootmgr ya nuna maka ke nan. Wannan jeri na kwamfutar ne, ba ya bin faifai zuwa ko'ina.

To me ya faru a wajenka? An buɗe folda EFI/ubuntu a ESP ɗin Yayarka, an zuba shimx64.efi (shim, ɗan fayil da ke fara tashi ya kira GRUB) da grubx64.efi da wani ɗan ƙaramin grub.cfg mai layi uku. Aikin layukan nan kawai su ce: nemo fatishin mai UUID kaza, ka karanta babban grub.cfg daga /boot/grub a cikinsa. Fatishin ɗin kuwa sda2 ne. Ka zare shi, GRUB ya nema bai samu ba, sai ya tsaya a grub> yana jiran umarni.

Faifan da ake so ya tashi a kowace kwamfuta ba zai dogara da NVRAM na kowa ba. Ƙa'idar UEFI ta tanadi hanya don wannan: idan faifai na cirewa ne, injin zai duba EFI/BOOT/BOOTX64.EFI a ESP ɗinsa. Da wannan hanya filash ɗin ɗorawa yake tashi a ko'ina. Ita muke so mu gina wa faifanka.

Ɗan Bukuru: Anti, duk wannan bayanin daidai ne, amma Boot-Repair ai shi ma abin da zai yi ke nan. Ni na sha gyara kwamfutoci da shi. Me ya sa za a wahalar da yaro da rubuce-rubuce a Terminal alhali ga maɓalli ɗaya?

Anti Hauwa (Rayfield): Ɗan'uwa, ban ce manhajar ba ta aiki ba. Amma gyaran da take ba da shawara, burinsa kwamfutar da ke gabanta ta tashi da duk abin da ke jone a lokacin. Mu kuwa burinmu daban ne. Muna so faifan ya tsaya da ƙafarsa, laftof ɗin kuma ta koma yadda mai ita ta ba da ita. Idan ba ka shiga zaɓuɓɓukan ciki ka nuna mata ESP ɗin da kake so ba, tana iya sake rubutu a faifan ciki. Wanda ya san abin da zai zaɓa a can, to ya riga ya san abin da zai rubuta a Terminal.

Batun Secure Boot kuma, a nan ne ban yarda da kai ba sam. Ba shi ya kawo matsalar ba. Mint yana tashi a HP ɗin Secure Boot na kunne, domin shim yana ɗauke da sa hannun Microsoft. Kuma da a ce BitLocker, mai ɓoye bayanan faifai a Windows, na kunne, kashe Secure Boot zai iya sa Windows ya nemi lambar ceto mai lambobi 48. Mutum nawa ne a garin nan suka san inda tasu take? Galibi wanda ya saita musu laftof ɗin a kasuwa ne ya buɗe asusun, ya manta da shi. Shi ya sa na fara tambayar manage-bde kafin komai. Windows 11 24H2 ma yakan kunna ɓoye bayanan da kansa idan aka yi sabuwar ɗorawa da asusun Microsoft. Shawarar "kashe Secure Boot" ba ta kamata ta zama ta farko a bakinmu ba, musamman a kan kayan wani.

Ɗan Bukuru: A kan kayan wani na yarda. Amma a tawa kwamfutar a kashe yake, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Nura (Farin Gada): Akwai dai lokacin da yake tsayawa a hanya da gaske. A watan Agustan 2024 wani sabuntawa na Windows ya sa wasu masu Linux da Windows tare suka wayi gari da "Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation", saboda an daina karɓar tsofaffin shim. Sannan wasu sababbin Lenovo suna zuwa da zaɓin "Allow Microsoft 3rd Party UEFI CA" a kashe, sai ka kunna kafin shim ya wuce. Amma kowanne da alamarsa, kuma babu ɗaya a cikin abin da Sadiq ya faɗa.

Malam Bala (Ahmadu Bello Way): Ni fa da a shagona aka zo tun farko, duk ba za a kai nan ba. Kafin in ɗora komai a faifan waje, sai na kife laftof ɗin a kan tawul, na kwance murfin ƙasa, na cire haɗin batir. SSD ɗin irin wannan injin ɗan siriri ne, noti ɗaya ke riƙe da shi. Kana kwance notin zai ɗago kai da kansa, ka riƙe shi ta gefe ka zaro a hankali, ba a taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya. Lokacin hunturu, da iskar Jos take bushe ƙamas, sai na taɓa ƙarfen tebur tukuna kafin in kai hannu, don kada wutar jiki ta yi ɓarna. Idan babu faifan ciki, Ubiquity ba ta da inda za ta je sai inda aka nuna mata. Na gama, na mayar, na ɗaure. Ba a taɓa dawo mini da aikin da na yi haka ba.

Anti Hauwa (Rayfield): Malam, ranka ya daɗe, hanyarka ita ce mafi tabbas, ba musu. Amma kai sana'arka ce, kana da kayan aiki da hannun da ya saba. Yaron da ya ari laftof ɗin Yayarsa ba zai kwance ta a tsakar ɗaki ba. Wasu injinan ma ma'ajiyar a like take da bod, ba ta fita. Ga wanda ba zai buɗe ba akwai hanya biyu. Ko dai kafin ɗorawa ya shiga GParted ya cire alamar boot da esp daga ESP na ciki, ya mayar da su bayan an gama. Ko kuma, wadda na fi so, ya buɗe Terminal a cikin filash ɗin ya rubuta ubiquity -b, sai a yi ɗorawar ba tare da butloda ba, daga baya ya sa GRUB da hannunsa inda yake so.

Malam Bala (Ahmadu Bello Way): Ta biyun na karɓa. Ta farkon kuwa ba na sonta, Hajiya. Kin ce kada a taɓa kayan mutane, ga shi kuma an shiga teburin fatishin ɗinsu ana cire alama. Batiran laftof ɗin da ake kawo mana na hannu kin san yadda suke. A ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, yaro ya rikice, ya manta bai mayar ba, an buɗe wata sabuwar ƙofar wahala.

Sadiq (Gangare): Malam, Anti, na gode ƙwarai, ina karantawa ina ƙaruwa. To yanzu ni sai na sake ɗorawa daga farko? Na riga na sauke Python da kayan karatuna, data ta tafi da yawa.

Anti Hauwa (Rayfield): A'a ƙanena, ba sai ka sake ba. Ka yi sa'a Mint ɗinka yana tashi, don haka daga cikinsa za mu gyara, ba ma buƙatar filash. Jona caja tukuna. Sannan ka sake duba lsblk -f a wannan zaman, domin sunaye irin su sda da sdb suna canzawa gwargwadon abin da ke jone. UUID ne ba ya canzawa.

Fara da sudo umount /boot/efi. Buɗe fstab da sudo nano /etc/fstab, a layin /boot/efi ka goge 3A60-D5F2 ka sa 7C2E-91B4, ka adana. Sai sudo systemctl daemon-reload, sai sudo mount /boot/efi. Sake lsblk -f. Kada ka ci gaba sai ka ga /boot/efi ya koma gaban sda1.

Wannan gyara na fstab mutane da yawa suna tsallake shi, su sa GRUB daidai, su kai faifan wata kwamfuta, ya fara tashi, sai ya tsaya daƙiƙa 90 yana jiran fatishin da ya bari a gida, daga nan ya faɗa emergency mode. Sai su ɗauka GRUB ne bai zauna ba.

Idan ya koma sda1, sai waɗannan biyu, a jere:

sudo grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --bootloader-id=ubuntu --no-nvram

sudo grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --removable

Na farko zai gina EFI/ubuntu a faifanka ba tare da ya rubuta komai a NVRAM ba. Na biyu zai gina EFI/BOOT. Ka turo mini abin da sudo ls /boot/efi/EFI/BOOT ya nuna.

Sadiq (Gangare): Duka biyun sun ce "Installation finished. No error reported." A foldar akwai BOOTX64.EFI, grubx64.efi, mmx64.efi, fbx64.efi, grub.cfg da BOOTX64.CSV.

Nura (Farin Gada): Anti, fbx64.efi ɗin nan fa? Ina ganin gara ya fita.

Anti Hauwa (Rayfield): Ka yi ido, Nura. Sadiq, goge shi: sudo rm /boot/efi/EFI/BOOT/fbx64.efi. Aikin fayil ɗin shi ne, idan shim ya tashi ta hanyar EFI/BOOT ya gan shi, sai ya ɗauka jerin NVRAM ne ya ɓace, ya sake rubuta sunan Ubuntu a ciki. A faifan ciki wannan taimako ne. A faifan da zai riƙa yawo, ma'anarsa duk kwamfutar da ka jona sai ka bar mata suna a jerinta, mai ita bai sani ba.

Kuma ka duba sudo parted /dev/sda print, ka tabbata sda1 yana da alamar boot da esp. Daga nan ka je ka gwada a Lenovo ɗin kafin mu taɓa faifan ciki. Sai mun tabbata faifanka yana tashi shi kaɗai za mu share na can.

Sadiq (Gangare): Alamomin suna nan. Abokin nawa a Dilimi yake, bari in yi sallar Isha'i in leƙa.

Sadiq (Gangare): Na dawo. Da farko bai fito ba, gabana ya faɗi. Sai abokin ya ce mu canza rami, domin ta wani ɗan abin raba USB muka jona tare da linzami. Muna sa shi kai tsaye a rami mai launin shuɗi, F12 ya nuna shi, Mint ya tashi har Wi-Fi ya kama. Sai dai a jerin GRUB akwai Windows Boot Manager, da muka danna ya ce "no such device".

Malam Bala (Ahmadu Bello Way): Barka. Abin rabawar nan a bar shi wa linzami da kibod. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 kuwa 900, idan aka raba ɗan abin da ke akwai faifai ba ya samun isasshe, BIOS ta gama dubawa kafin ya farka. Kebul ma haka, gajere mai kauri za ka riƙe, wanda ya zo da kes ɗin. Rabin faifan waje da ake kawo mini wai ya mutu, kebul ne ko rami.

Nura (Farin Gada): Windows ɗin da ka gani a jeri na Yayarka ne, os-prober, manhajar da ke nemo wa GRUB irin su Windows, ya gano shi lokacin ɗorawa ya rubuta UUID ɗinsa. A wata kwamfuta dole ya ce bai gan shi ba. Tun GRUB 2.06 na 2021 asali os-prober a kashe yake zuwa, rabe-raben Linux ne wasu suke kunna shi. Ƙirƙiri fayil /etc/default/grub.d/99-waje.cfg ka sa layi ɗaya a ciki, GRUB_DISABLE_OS_PROBER=true, sai sudo update-grub. Na ce a wannan folda ne saboda ana karanta ta bayan /etc/default/grub, abin da ke cikinta shi ke rinjaye.

Anti Hauwa (Rayfield): Yanzu shara, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Koma HP ɗin, jona faifan, danna F9, ka zaɓi faifan USB ɗin da sunansa, ba Ubuntu ba. Idan Mint ya tashi:

sudo mount /dev/nvme0n1p1 /mnt
sudo cp -r /mnt/EFI ~/ajiyar-esp

Wannan kwafin kariya ne, kada ka tsallake. Sai sudo rm -r /mnt/EFI/ubuntu. Karanta layin sau biyu kafin Enter. Foldar Microsoft ba ruwanka da ita, haka foldar HP idan akwai.

Akwai wani wuri da ake mantawa. Lokacin ɗorawa an kuma taka EFI/Boot na faifan ciki, an maye bootx64.efi na Windows da shim. Ka duba, idan ka ga fbx64.efi da mmx64.efi a can, ka goge su, sannan ka kwafi /mnt/EFI/Microsoft/Boot/bootmgfw.efi ka ɗora a kan /mnt/EFI/Boot/bootx64.efi. Daga ƙarshe sudo efibootmgr -b 0004 -B zai cire sunan Ubuntu daga jeri. Ka sake duba lambar kafin ka rubuta, kada ka cire 0000. Sai sudo umount /mnt, ka kashe, ka zare faifan, ka kunna ba tare da danna komai ba.

Ɗan Bukuru: Ga wanda yake tsoron yin wannan daga Linux, ta Windows ma ana yi. Command Prompt na admin, mountvol S: /s zai buɗe ESP a matsayin S:, bcdedit /enum firmware kuma zai nuna jerin.

Anti Hauwa (Rayfield): Haka ne, wannan ma hanya ce mai kyau.

Sadiq (Gangare): An gama! Na kunna ba faifai, kai tsaye tambarin HP sai Windows, ba baƙin allo. Na jona faifan na danna F9, Mint ya tashi. efibootmgr yanzu Windows Boot Manager ne a gaba, Ubuntu babu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Malam kasuwa, ya raya zuri'a.

Tambaya ɗaya ta rage. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur a shagon Babanmu, mai Core 2 Duo, da ake buga rasit da ita. Zai tashi a kanta?

Malam Bala (Ahmadu Bello Way): Amin, yaro. Irin waɗannan yawanci ba su san UEFI ba, BIOS ce zalla, ba za ta kalli ESP ɗinka ba. Ana iya sa faifai ya yi duka biyun. Tun da teburin fatishin ɗinka irin GPT ne, GRUB na BIOS yana buƙatar ɗan fatishin nasa, kamar mega ɗaya, mai alamar bios_grub, ba a yi masa fomat. Idan babu shi zai ce maka "this GPT partition label contains no BIOS Boot Partition". Akwai ɗan fili da ake bari kafin fatishin na farko, daga sekta 34 zuwa 2047, yakan isa. Sai ka sauke grub-pc-bin, ka lura da bin ɗin nan, domin grub-pc zalla zai kori GRUB ɗinka na EFI. Sannan sudo grub-install --target=i386-pc /dev/sda, faifan gaba ɗaya, ba sda1 ba.

Amma shawarata kada ka yi shi da daren nan. Yankan fatishin a faifan da kake aiki a kansa ba abin gaggawa ba ne. Ka kawo shi shago ranar Asabar mu yi tare kana gani, ba sai ka biya ba. Kuma ka sani ramukan injin nan USB 2.0 ne, zai tashi amma da nauyi.

Sadiq (Gangare): In sha Allahu zan zo, Malam. Na gode. Wani abu kuma, Yaya ta karɓi laftof ɗin yanzu ta ce agogonta ya koma baya da awa ɗaya cif. Shi ma daga GRUB ne?

Nura (Farin Gada): A'a. Agogon bod guda ɗaya ne, Windows yana karanta shi a matsayin lokacin gida, Linux kuma yana saita shi a kan UTC. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, shi ne awan da ta ga ya ɓace. A Mint ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, zai yi maka ɗan gargaɗi, ba komai tunda mu ba ma canza agogo da rani ko damina. Ita kuma ta shiga saitin lokaci a Windows ta danna "Sync now".

Anti Hauwa (Rayfield): Ka yi wannan ɗin, domin in ba haka ba kowace kwamfuta ka jona sai ka karkatar mata da agogo. Abu na ƙarshe daga gare ni: duk ranar da Update Manager ya kawo sabuntawa mai sunan grub ko shim, yana sake gudanar da grub-install da kansa, kuma ba da zaɓuɓɓukan da muka sa ba. Yana iya mayar da fbx64.efi, ya kuma rubuta Ubuntu a NVRAM na injin da kake kai. Kada ka ƙi sabuntawar, ta tsaro ce. Bayan ta gama, kafin ka kashe, ka sake umarnin nan mai --removable, ka duba EFI/BOOT, ka duba efibootmgr. Idan Ubuntu ya dawo jerin, ka cire shi da -b da -B kamar ɗazu. Ka rubuta layukan ukun a fayil ɗaya ka ajiye a Desktop.

Sadiq (Gangare): Na rubuta, Anti. Na sa har da na agogon. Malam, Asabar da misalin ƙarfe nawa kake buɗewa?

Malam Bala (Ahmadu Bello Way): Tara na safe. Ka zo da kebul ɗin kes ɗin, da filash ɗin Mint, kuma ka kwafe kayan karatunka a wani wuri kafin ka taho.